Inda Titin Sardauna Ya Haɗu da na Malam

Duk wanda ya san unguwar Wuse II ya san mahaɗar Banex, inda masu sayar da waya da masu gyaranta suke cika bakin titi tun hantsi har bayan isha'i. A nan ne titin Ahmadu Bello, wanda ya keto ta Garki ya ratsa tsakiyar birni, yake haɗuwa da titin Aminu Kano. Na fi shekara 30 ina bi ta wurin, amma sai yanzu da ƙafa ta yi nauyi, ido ya koyi tsayawa a kan abu, na fara kula da allunan nan biyu. Sardauna da Malam. Mutum biyu da magoya bayansu suka yi kusan shekara 15 ba sa ga-maciji, ga su yau a wuri guda, direba ya sauka daga kan wannan ya hau kan wancan bai tambayi jam'iyyar kowa ba.

Wata Asabar na kai wayata gyara, na zauna a bencin mai shayi ina jira. Kusa da ni samari biyu ne, sa'o'in autana, suna musu a kan kuɗin mota daga Kubwa zuwa cikin gari. Kafin shayina ya huce, zance ya bar kuɗin mota. Ɗaya ya ce duk mai kukan tsadar rayuwa ɗan adawa ne, ba ya kishin Najeriya, so yake a kunyata ta a idon duniya. Ɗayan ya ce duk wanda ya dangwala wa wannan gwamnati ba shi da bakin magana, Allah ma ya ƙara masa. Da suka gaji sai suka juyo gare ni: "Baba, don Allah raba mana gardama, tsakaninmu wa ya fi kishin ƙasa?" Na buɗe baki ke nan mai gyara ya ƙwala mini kira, kafin in dawo sun sami mota sun wuce. Tun ranar tambayar take cina a rai. Amsar da ban samu na ba su ba ita nake so mu zauna a kanta yau, ni da ku, tunda waiwaye adon tafiya ne.

Hausa ta yi mana gata da ta ba mu kalma ɗaya mai fuska biyu. Muna cewa kishin ƙasa, muna kuma cewa kishiya. Akwai kishin da uwa take yi wa ɗanta: ba ta son a zage shi a waje, shi ya sa take ja masa kunne a cikin gida, ta raba shi da abin da zai jawo masa zagin. Akwai kuma kishin gidan da zaman lafiya ya ƙaurace masa, inda in tuwon abokiyar zama ya yi daɗi abin baƙin ciki ne, in ya ƙone abin murna ne, ko da kowa a gidan da yunwa zai kwana, har da 'ya'yan mai murnar. Wannan na biyun shi ne ya mamaye mana siyasa, ya kuma ari rigar na farko ya saka. Mai shi ya fi kowa ɗaga tuta, ya fi kowa ɗaga murya in ana taken ƙasa, amma in ka tona zuciyarsa za ka tarar ƙasar ta ƙanƙance ta koma daidai girman maigidansa. Wanda ya taɓa maigida ya taɓa Najeriya. Wanda ya yabi abokin hamayyar maigida ya ci amanarta.

Ba yau aka fara ba. Duk wanda ya ce mana zamanin da babu gaba a siyasa, ƙaunar mutanen da ce ta rufe masa ido. Iyayenmu sun ba mu labari. A ƙarshen Maris na 1953 Anthony Enahoro ya kawo wa majalisar Legas ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ce a bari sai lokacin da ya dace, aka bi su a titi ana yi musu ihu ana ce musu 'yan koren Turawa. Kowane ɓangare yana ganin shi ne mai kishin. A tsakiyar Mayu, da tawagar Akintola ta nufo Kano, aka yi kwana huɗu ana zubar da jini a wajen Fagge da Sabon Gari. Fiye da mutum 30 suka rasu, kuma ba waɗanda suka yi musun a majalisa ba ne aka binne. A cikin gida kuma ɗan NEPU, jam'iyyar Malam, yana iya kwana a gidan yari saboda kalma ɗaya da ya faɗa a wurin lacca. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau 16. An yi 'Yan Mahaukata a Kano, aikinsu tarwatsa taron 'yan sawaba. An kashe aure, an ƙaurace wa jana'iza, an ƙi bin liman salla, duk saboda jam'iyya.

To, amma ga abin da muka manta. Malam Aminu da Abubakar Tafawa Ɓalewa sun koyar tare a makarantar Midil ta Bauchi, sun yi muhawara a zaure ɗaya da Sa'adu Zungur tun kafin a san za a kafa jam'iyyu. Da siyasa ta raba musu hanya, ba ta raba su da sanin darajar juna ba. Bayan zaɓen 1959 Malam ya shiga majalisar tarayya, gwamnatin Ɓalewa kuma ta sa shi cikin wakilan Najeriya zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya. A gida yana caccakar NPC, jam'iyyar Sardauna, ba sassauci, a can Amurka kuwa yana magana da yawun ƙasa gaba ɗayanta, har da Sardauna a ciki. Da yaƙin basasa ya zo a 1967 ya karɓi kujerar kwamishina a gwamnatin Gowon, ya zauna teburi ɗaya da Awolowo. Bai daina zama Malam ba. Ya dai san inda iyakar jam'iyya take, ya san kuma inda haƙƙin ƙasa ya fara.

Mu namu idon a Jamhuriya ta Biyu ya buɗe. Mun ji Alhaji Waziri Ibrahim yana yawo da kalmarsa ta siyasa ba da gaba ba, muna samari muna ɗaukarta sanyin hali. Ba mu gane nauyinta ba sai a Janairun 1980, da aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye na GNPP, jam'iyyar Wazirin, a majalisar jihar Borno, aka kai shi bakin iyaka aka tsallakar da shi Chadi, wai shi ba ɗan Najeriya ba ne. Sai da kotu a Maiduguri ta tabbatar masa da ƙasarsa. Ku dubi wannan da kyau, domin nan ne hanyar da samarin nan biyu suka hau take ɓullewa. Ana farawa da cewa abokin hamayya ba ya son ƙasa, a ƙare da cewa ba shi da ƙasar ma.

Ita kanta Abuja don maganin irin wannan ciwo aka haife ta. Janar Murtala Muhammad ya naɗa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda a 1975, ranar 3 ga Fabrairun 1976 ya sanar da ƙasa cewa za a gina sabon babban birni a tsakiya, inda babu wata babbar ƙabila da za ta bugi ƙirji ta ce garinta ne. Bayan kwana goma aka kashe shi, bai ga ko tubali ɗaya ba. Tsohuwar Abuja ta Zage-zagi ta ba da sunanta ta koma Suleja. Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa suka ba da gonakinsu da kushewun kakanninsu, aka kwashe wasu zuwa Sabon Wuse, wasu zuwa Kubwa. In ana lissafin masu kishin ƙasa ba a cika tunawa da su ba, alhali ba su ɗaga tuta ba, ƙasar da ake kafa tutar a kanta suka bayar.

Mu ma'aikata mun biyo gwamnati da ta taso daga Legas ranar 12 ga Disambar 1991. Gari ne na ƙura da jan ƙasa da gine-ginen da ba a gama ba. A benenmu na Garki, maƙwabcina na dama mutumin Nsukka ne, na hagu Bayarabe daga Ogbomosho, na sama kuma daga Gboko ya zo. In famfo ya ɗauke, tankar da ɗaya ya samo ta kowa ce. Ran Salla matansu ne suke taya iyalina suya, ran Kirsimeti yaranmu can suke yini. A Yunin 1993, da labari ya zo cewa Abiola ya kayar da Bashir Tofa a Kano, jihar Tofan, maƙwabcina Bayarabe ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da dare ya rungume ni, ya ce yau ya yarda ƙasar nan ɗaya ce. Da aka soke zaɓen, da yawa daga cikinmu muka yi shiru, muka ce rigimar mutanen Yamma ce. Ya ci gaba da gaishe ni kullum, amma bai sake ƙwanƙwasa mini ƙofa da dare ba.

Sai ga Maris na 1998. Wanda yake Abuja a lokacin ba zai manta ba. Wata ƙungiyar matasa ƙarƙashin Daniel Kanu ta kira gangamin mutum miliyan biyu, don a roƙi Janar Sani Abacha ya tuɓe kaki ya ci gaba da mulki. Motocin safa suka yi ta kwararowa daga jihohi, aka kawo mawaƙa da makaɗa, gari ya cika ya batse. Kalmar ta-zarce ta shiga ko'ina, har teloli suka raɗa wa wani ɗinkin kaftani sunanta. Manya suna maƙala ɗan bajo mai hoton Janar a ƙirji, a ofis kuma sai an kalli ƙirjin mutum kafin a kalli aikinsa. A wurin aikinmu aka zagayo da takarda, kowa ya sa hannu cewa zai fita. Na sa. Na je, na tsaya cikin rana, na kaɗa 'yar tutar da aka miƙo mini. Ba zan ɓoye muku ba, a ranar ban ji ina aikata wani laifi ba. An ce mana ƙasa tana cikin haɗari, Turawa sun sa mu gaba tun da aka rataye Ken Saro-Wiwa a Nuwamban 1995 aka dakatar da mu daga ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, kuma mutum ɗaya ne tak zai iya riƙe ta. Ga hanyoyi da magungunan PTF muna gani da idonmu. Ga shi kuma namu ne, ɗan Kano. So hana ganin laifi.

Akwai wani dattijo masinja a sashenmu, Bazazzagi, wanda ya ƙi sa hannu. Mutum ne da ba ka jin muryarsa sai in gaisuwa yake. Aka kira shi gaban babba, aka tambaye shi ko ba ya kishin ƙasarsa ne. Ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya ce: "Ranka ya daɗe, ina kishinta. Shi ya sa nake tsoron ranar da za a ce ba ta da kowa sai mutum ɗaya. Mutum fa baƙo ne a duniya." Ba a cika mako ba aka mayar da shi wani reshe can wajen Abaji, nesa da iyalinsa. Mu da muke da digiri da kujera muka sunkuyar da kai a kan fayilolinmu, babu wanda ya ce uffan.

Ba shi kaɗai ba ne a ƙasar. Tun kafin gangamin wasu manyan 'yan siyasar Arewa su 18, cikinsu da Solomon Lar da Adamu Ciroma da Abubakar Rimi da Sule Lamido, sun rubuta wa Janar takarda sun ce kada ya yi. Rimi da Lamido suka tafi kurkuku. A Afrilu jam'iyyu biyar ɗin da ake da su duk suka tsayar da shi ɗan takararsu. M.D. Yusufu, Bakatsine, tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, ya ƙi janyewa, ya ce shi ma kujerar yake nema, ana yi masa kallon wanda ya zautu. A bakin 'yan kanzagi waɗannan su ne maƙiya Arewa, maƙiya ƙasa. Ranar 8 ga Yuni Allah ya karɓi ran Janar, Allah ya jiƙansa. Kafin a yi sadakar bakwai bajon nan ya ɓace daga ƙiraza kamar ba a taɓa buga shi ba, waɗanda suka rantse ƙasa za ta ruguje in babu shi su ne a sahun gaba wajen yi wa sabon shugaba mubaya'a. Ƙasa kuwa tana nan. Dattijon nan ya dawo ya ci gaba da ɗaukar fayil, har ya yi ritaya bai taɓa yi wa ɗayanmu gori ba.

Yau bajon ya bar ƙirji ya koma cikin waya. Yaro ya cire hotonsa ya sa na maigida a Facebook, a tura masa 'yan kuɗin data, ya yini yana zagin sa'an mahaifinsa a TikTok. Da dare ka kunna rediyo ka ji sojojin baka suna yi wa juna tonon silili, ba mai zancen asibiti ko makaranta. Ba na ganin laifin yaran kamar yadda nake ganin namu. Yunwa ce da rashin aiki, kuma a hannunmu suka ga ana yi.

Wannan birni ya ga ɗaya fuskar ma, kada mu yi masa butulci. A Mayun 2006 aka kawo wa Majalisar Dattawa gyaran tsarin mulkin da zai ba Shugaba Obasanjo wa'adi na uku. PDP ce take da rinjaye, shugaban majalisar, Ken Nnamani, ɗan PDP ne. Ya bari aka haska muhawarar kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya miƙe ya faɗi matsayinsa mutanen mazaɓarsa suna kallo. Ranar 16 ga wata ƙudurin ya faɗi. 'Yan jam'iyya ne suka riƙe hannun jagoran jam'iyyarsu. Tun muna zaure malamanmu suka karantar da mu cewa taimakon ɗan'uwa in ya ɗauko zalunci shi ne a hana shi, kuma a ranar mun ga an yi aiki da karatun.

Mun ga kuma abin da zafin kai yake haifarwa. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011, cikin kwana uku aka kashe fiye da mutum 800 a jihohi 12 na Arewa, bisa ƙididdigar ƙungiyar Human Rights Watch. Cikinsu da masu yi wa ƙasa hidima su goma a Bauchi, 'ya'yan mutane da aka turo su koyar da namu 'ya'yan, da bayin Allah da aka hallaka a Zonkwa da Kafanchan. Kowane mai adda a ranar yana ganin wani abu yake karewa.

Amma in akwai wurin da ya fi koya mini bambancin nan, to dandalin Unity Fountain ne da ke Maitama, inda aka rubuta sunayen jihohinmu a jikin ginin. Da safiyar 14 ga Afrilun 2014 bam ya tashi a tashar Nyanya, ya ci fiye da mutum 70, yawancinsu masu sammakon neman abinci. A daren ranar aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok. Ranar 30 ga wata mata da maza cikin jajayen riguna suka tako cikin ruwan sama zuwa Majalisar Tarayya, daga nan suka mayar da dandalin wurin zamansu na kullum. Oby Ezekwesili tana ciki, wadda ta yi minista a gwamnatin PDP. Hadiza Bala Usman tana ciki, ita kuma 'yar adawa ce a fili. Aisha Yesufu tana ciki da hijabinta. Magoya bayan gwamnatin lokacin suka ce 'yan APC ne suka ɓad da kama, suna ɓata sunan ƙasa a gaban baƙi. Aka turo musu 'yan haya, a watan Yuni kwamishinan 'yan sandan Abuja ya ce ya haramta taron. Mu kuwa a nan Arewa muka yi ta tafa musu, muna cewa ga jarumai.

Mulki ya sauya hannu, 'yan matan ba su dawo ba. Wasu daga cikin masu jajayen riguna suka karɓi muƙami suka tafi, wasu suka ci gaba da zama a dandalin, suna tambayar da suke yi tun farko. A 2016 da suka nufi Fadar Shugaban Ƙasa, 'yan sanda suka tare musu hanya, wata ƙungiyar magoya bayan Shugaba Buhari ta fito ta tsaya musu a gaba. Sai ga bakunan da suka kira su jarumai jiya suna ce musu 'yan PDP, maƙiya Baba. Su ba su sauya ba, rigarsu ba ta sauya ba, tambayarsu ba ta sauya ba. Mu ne muka sauya, domin namu ya hau. An karɓo 'yan mata 21 a Oktoban 2016, aka karɓo 82 a Mayun 2017, har yau kuma akwai iyaye a Chibok da suke jiran 'ya'yansu.

Mu da muka yi cefane a kasuwar Wuse ko muka auni hatsi a Dawanau mun san ɗan kasuwar da yake ajiye mudu biyu, babba na saye, da wanda aka bubbuge wa gindi na sayarwa. Haka da yawanmu muke auna gwamnati. A Janairun 2012 da litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta tsaya cak, a Kano matasa suka kwana a shataletalen Silver Jubilee, har aka dawo da ita 97. A Mayun 2016 ta koma 145, da yawa daga masu zanga-zangar jiya suka ce a yi haƙuri, gyara ake yi. Ranar 29 ga Mayun 2023 a dandalin Eagle aka ce tallafi ya tafi, lita ta haura naira 500, sai waɗanda suka kare cirewar a 2012 suka koma masu kuka, masu kukan 2012 suka koma masu karewa. Mutum yana da damar sauya ra'ayi in ya ga hujja, wannan ba aibi ba ne. Abin dubawa shi ne, hujja ce ta sauya shi ko mai kujera ne ya sauya? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Duk da haka ba zan manta Talatar 31 ga Maris na 2015 ba. Tun a Janairu 'yan takara sun sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a nan Abuja, a gaban Kofi Annan da Emeka Anyaoku, kwamitin Janar Abdulsalami kuma ya sake haɗa manyan 'yan takarar biyu ana saura kwana biyu zaɓe. Amma tsoro bai bar mutane ba. Unguwanni sun yi shiru, da yawa sun kwashe iyali sun tafi garuruwansu. A Cibiyar Taro ta Ƙasa da Ƙasa, inda ake tattara sakamako, tsohon minista Godsday Orubebe ya karɓe makirufo yana ta faɗa, duniya tana kallo. Shugaban hukumar zaɓe, Farfesa Attahiru Jega, ya zauna bai ɗaga murya ba, ya bari ya gama, ya ba shi amsa a natse, aka ci gaba da ƙidaya. Da yamma, tun ba a sanar da sakamakon ƙarshe ba, Shugaba Jonathan ya ɗaga waya ya kira Janar Buhari ya taya shi murna. Mutumin da ya sami ƙuri'a kusan miliyan 13, ga soja ga 'yan sanda a hannunsa, ya bar kujera. Ni ban zaɓe shi ba. Amma na san rayuka nawa wannan kiran ya tsare a Mararaba da Sabon Gari da Fatakwal, kuma duk mudun da ya hana ni faɗin haka, mudun algus ne.

Ko shekaranjiya ma an gwada mu. Da sojoji suka kifar da Shugaba Bazoum a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, a nan Abuja shugabannin ECOWAS suka zauna suka ba da wa'adin kwana bakwai. Aka rufe iyaka, aka yanke wuta, aka fara kaɗa gangar yaƙi, wasu suna cewa lokaci ya yi da za a nuna wa duniya wace ce babbar yaya. Waɗanda suke wannan kirari ba su san Jibiya da Maraɗi ba, ba su san Illela da Ƙonni kasuwa ɗaya suke ci ba, ba su san jihohinmu bakwai ne suke jingine da Nijar ba. Ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawa, wadda jam'iyyar shugaban ƙasa take da rinjaye a cikinta, ta ce a bi hanyar sulhu. Malamai suka tafi Yamai. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba, alhamdu lillahi. Bayan shekara guda kuma, a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, muka ga yaranmu a Kano da Kaduna suna kaɗa tutar Rasha. Abin ya yi mini ciwo, domin wanda ya fusata da gidansu ba ya kiran baƙo ya zo ya karɓi gidan. Amma ranar 1 ga Nuwamba da aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja da tuhumar cin amanar ƙasa, cikinsu da ƙananan yara da suka yi wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa belin kowanne naira miliyan 10, wannan ya fi yi mini ciwo. Mutane daga kowace jam'iyya da kowane yanki suka yi magana da murya ɗaya, cikin 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ba da umarni aka sake su. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

To, ku samarin nan biyu na bencin mai shayi, in Allah ya sa wannan shafi ya iso hannunku, ga amsarku. A ranar ban ga wanda ya fi wani ba. Na ga yara biyu masu hankali, kowanne yana kishin maigidansa, kuɗin mota ɗaya kuma yana ƙona aljihunku ku duka. Zaɓen 2027 yana tafe, za a neme ku, za a ba ku riga da hula da kuɗin data. Ku riƙe jam'iyyunku, ba na ce ku bar su ba, Malam da Sardauna ma ba su bar nasu ba. Ku dai karɓi katin zaɓenku, kada ku ɗauki makami don kowa, kada kuma ɗayanku ya sake ce wa ɗan'uwansa maƙiyin ƙasa. Kubwa a ƙarƙashin ƙaramar hukumar Bwari take. Ku shiga mota ɗaya ku je ku tambayi kansilanku da shugabanku abin da aka yi da kuɗin unguwarku, ko daga wace jam'iyya suka fito, ku dawo ku ba ni labari. Yawancin Asabar bayan la'asar ina nan mahaɗar Banex, kuma shayin ranar ni zan biya.